GEJI DABAM, ƘWARA DABAM: Kalmomin Ingilishi Na Tsuga Kuɗi Da Na Lahanin Kaya

Kwanan baya wani malamin makaranta mazaunin Gyadi-Gyadi ya kawo mana wata takarda da ya rubuta da Ingilishi, ya ce mu duba masa kafin ya kai ta inda za ta. Abin da ya faru shi ne, yana bisa babur ɗinsa a titin Zariya, zai karya ya shiga Court Road, sai wani mai adaidaita-sahu ya goge shi. Allah ya kiyaye bai ji ciwo ba, amma tankin babur ya lotsa, wani ƙarfe kuma ya ƙwaƙule fenti har ya ci jikin tankin. Direba ya amsa laifinsa, ya ce maigidansa zai biya, in dai an kai masa bayani a rubuce. Malam ya tura babur wurin wani bakanike. Shi kuwa da ya ga mutum a matse, gobe Litinin, ga makaranta da nisa, sai ya tsuga masa kuɗin da ya kusa sayen sabon tanki.

Cikin takardar nan mun tarar da kalma guda sau biyu. Sau ɗaya ya yi nufin ramin da ƙarfe ya yi a tanki, sau ɗaya kuma kuɗin da bakanike ya yanka masa. Duka biyun ya rubuta "gauge". Abin da yake nema kuwa "gouge" ne. Harafi ɗaya ne tsakaninsu, amma tazarar ma'ana ta fi ta Kano da Ikko. Ta farko ita ce wadda muka ara tun zamanin zuwan mota muka mai da ita geji, watau abin awo. Ta biyun ana faɗinta kamar "gauj", ita ce ƙwaƙulewa. Da takardar ta tafi haka, da mai keke ya karanta cewa bakanike ya auna farashi daidai wa daida, alhali malam ƙarar ƙwara yake yi.

Kuskuren rubutu abu ne mai sauƙin gyara. Abin da ya tsaya mana a rai shi ne tambayar da malam ya yi bayan mun gyara: ina dalilin da Turawa za su kira rami a jikin ƙarfe da tsauwala wa mai saye da suna guda? Mun ga tambayar ta cancanci amsa a fili, domin akawunan ƙananan hukumomi, magadan akawunan En'e na da, da malaman makaranta, su ne kullum jama'a ke kawo wa takardun koke su rubuta musu ko su fassara.

DAGA MASASSAƘI ZUWA KANTI

Asalin "gouge" sunan kayan aiki ne. Wani ƙarfe ne na masassaƙan Turai mai baki lanƙwasasshe kamar cokali, da shi suke rarake itace, kamar yadda namu masassaƙan ke rarake turmi da akushi. Ingilishi ya karɓo kalmar daga Faransanci, Faransanci kuma daga Latin na ƙarshen zamani. Daga sunan ƙarfe ta zama sunan aikin da ƙarfen ke yi, daga nan ta koma kan ƙwaƙule ido da yatsa wajen faɗa. A cikin ƙarni na 19 ne mutanen Amurka suka ɗora ta a kan ciniki. Ga alama sun dubi mai sayarwa da ya sami mutum ba shi da mafita, suka ga ba yankan gefe yake yi masa ba, hannu yake zurawa har ƙasan aljihu ya kwaso.

Da muka bi sawun sauran kalmomin, sai muka tarar kusan dukkansu daga wuƙa da almakashi suka fito. "Fleece" gashin tunkiya ne, irin tumakin Ingila masu ulu, waɗanda akan yi wa aski kowace shekara; tun ƙarni na 16 suke faɗinta ga wanda aka raba da kuɗinsa ƙaf aka bar shi tsirara. "Chisel" ɗan'uwan ƙarfen nan ne na sassaƙa, mai miƙaƙƙen baki, ana kuwa faɗinta ga mai cuta kaɗan-kaɗan, yau ya ɓantari sisi gobe taro. "Skin" fiɗa ce. "Bleed" tsiyaye jini. "Scalp" fatar kai ce, a Amurka kuma suna ne na aikin mai sayen tikitin wasa da yawa ya ɓoye, sai ranar wasa ya fito da su da tsada. "Rip off", watau fizge ko yage, ita ce ƙaramarsu a shekaru, don a wajen 1960 zuwa 1970 ta bazu daga Amurka, ita ce kuma samarinmu suka fi ji a fina-finai.

Kada mai karatu ya ce wannan wani hali ne na Turawa su kaɗai. Mu ma haka harshenmu yake. Mukan ce an yanka wa kaya kuɗi. Mukan ce an tatse talaka, an fige baƙo kamar kaza, an tauye mudu. Ɗan kasuwa in ya tafi Kantin Kwari ko Singa ya ɗauko kaya da yawa, cewa muke ya saro, kalmar da muke faɗa wa gatari da itace. Turawa kuma sayarwa ɗai-ɗai suke kira "retail", daga wata kalmar Faransanci mai ma'anar yanka gunduwa-gunduwa. Daga wannan tushe ne "tailor" ya fito, mai yankan yadi, wanda ya iso bakinmu ya zama tela. Ashe duk telan da ke zaune a kasuwar Tarauni da almakashinsa, sunansa da sunan ciniki ɗai-ɗai 'yan ɗaki ɗaya ne.

SANDA MAI TSAGA DA GEFEN SULE

Akwai dalili na tarihi da ya sa yanka da kuɗi suka haɗu a bakin mutanen Ingila, kuma labarin zai yi wa ma'aikatan baitulmali daɗi. Shekaru ɗaruruwa baitulmalin Sarkin Ingila ba da takarda kaɗai yake ba da rasit ba, da sanda yake bayarwa. In mutum ya kawo kuɗi, sai a ɗauko ɗan itace a yi masa tsaga a gefe, babbar tsaga ta fam dubu, ƙarama ta fam ɗari, har zuwa sule da kwabo. Sa'an nan a tsaga sandar biyu a tsaye, mai biya ya tafi da rabi, baitulmali ya ajiye rabi. Ranar lissafi a haɗa su. Wanda ya ƙara tsaga a nasa ɓarin, asirinsa ya tonu, don ba za ta dace da ɗayan ba. Wannan sanda ita ce "tally", tsagar kuma "notch" ko "nick" ko "score". Tsofaffinmu mata masu sayar da abinci bashi, da ke jan layi da gawayi a bangon zaure, ba su yi nisa da wannan dabara ba.

Ba a daina aiki da sandunan nan ba sai 1826. Suka taru jibgi a Majalisa, aka rasa yadda za a yi da su. Ran 16 ga Oktoba 1834 aka sa ma'aikata su ƙone su cikin murhun da ke ɗumama zauren Majalisar Dattawa. Suka cika wuta, dare na yi gobara ta tashi, ta cinye mafi yawan ginin Majalisar Ingila. Ginin da ake gani yau a bakin kogin Landan, mai doguwar hasumiyar agogo, bayan wannan gobara aka gina shi. Akawun da ake damu da tsofaffin fayiloli sai ya yi hattara da inda zai kai su.

Haka kuma "clip", datsewa da almakashi. Lokacin da kuɗin Ingila na azurfa ne tsantsa, ɓarayin zaune sukan datse gefen kowane tsaba kaɗan, su tara ɓarɓashin su narke, su kashe kuɗin a cikakken darajarsa. Hukuncin mai yin haka kisa ne, amma bai hana ba. Maganin da ya ci shi ne buga kuɗi da inji, a yi musu ƙananan tsage a kewaye, yadda in an taɓa gefen kowa zai gani. A 1696 aka janye tsofaffin kuɗin aka sake bugawa, a shekarar ce kuma aka ba masanin nan Isaac Newton riƙon gidan buga kuɗi. Dattawan da suka riƙe sule da fataka kafin naira ta zo ran 1 ga Janairu 1973 za su tuna da ƙaiƙayin gefensu a yatsa. Ba ado ba ne, tsaro ne.

Akawunan sito kuma sun san "indent", takardar neman kaya. Ita daga kalmar Latin ta haƙori ta fito. A da akan rubuta yarjejeniya sau biyu a fata guda, a raba ta da yanka mai kama da haƙoran zarto, kowa ya riƙe nasa, don ranar gardama a haɗa a gani.

LOTSAWA, KARCE DA GIƁI

To, mu komo kan lahanin kaya, inda kuɗi ke shiga ko fita saboda kalma guda. Wanda ya taɓa shiga kasuwar waya ta Farm Centre ya san yadda mai saye ke juya tsohuwar waya a hasken rana yana neman abin da zai rage kuɗi da shi. Haka masu gyaran jikin mota da ke gefen titin Zariya da titin Maiduguri, haka ma'aikacin sito da aka kawo wa kabad ko kujerun makaranta ya sa hannu ya karɓa. Ga yadda Ingilishi ya rarrabe.

"Scratch" karce ne ko kwarzane, ya taɓa fenti bai taɓa ƙarfe ba. "Dent" lotsawa ce: ƙarfe ya shige ciki amma ba abin da ya ragu daga jikinsa, ana iya buga shi ya komo. Asalinta tsohuwar kalma ce mai nufin bugu. "Gouge" kuwa an ɗebe wani abu daga jikin, an bar kwari, sai an cike. "Chip" ɓantarewa ce, irin ta bakin kofin tangaran ko gilashi. "Nick" ɗan ƙaramin giɓi ne a bakin wuƙa, ko 'yar yankar da aska kan yi wa mutum wajen wanzami. "Notch" ita kaɗai ce ake yi da gangan. "Crack" tsagewa. A jikin mutum, ma'aikatan asibiti, kamar na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke nan unguwar, wanda aka kafa a 1988, sukan bambanta ƙujewa, "graze", da yanka, "cut", da sara mai zurfi mai buɗaɗɗen baki, "gash". Mai fassara takardar likita a gaban alƙali in ya mai da ƙujewa sara, ya ƙara wa wani laifi. In ya mai da sara ƙujewa, ya tauye wa wani diyya.

Akwai tarko a "nick" wanda ya kamata malamai su faɗa wa yara. A Ingila, cikin maganar titi, tana nufin sata, tana nufin kamun ɗan sanda, tana nufin gidan yari, kuma in sun ce abu yana cikin "good nick" nufinsu lafiyarsa lau. A Amurka kuma akan faɗe ta ga wanda aka caja fiye da kima. Kalmar da ke da fuska biyar haka ba ta da wurin zama a takardar ofis.

WACE ZA A SA A TAKARDA?

Nan ne muke so a dakata. Kalmomin tsauwalawa ba nauyinsu ɗaya ba, kuma wanda ya sa hannu a ƙasan takarda shi zai ɗauki nauyin.

Mafi sauƙinsu "overcharge". Ba ta zagi kowa ba. Cewa kawai take an karɓi fiye da abin da ya kamata, ko da gangan ko da kuskuren lissafi. Ita ce ta dace da wasiƙar koke ta farko, don tana barin ƙofa a buɗe mutum ya ce kuskure ne ya mayar da rara ba tare da ya ji kunya ba. Kada a gama ta da "surcharge", wadda ƙari ne na ƙa'ida, ko kuma tarar da hukuma kan ɗora wa ma'aikacin da dukiya ta salwanta a hannunsa. Tsofaffin ma'ajin En'e sun san zafinta. "Profiteering" cin ƙazamar riba ne lokacin yaƙi ko yunwa, har Ingila ta yi doka da wannan suna a 1919, bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya. "Cheating" da "extortion" kuwa, watau zamba da ƙwace ta hanyar tsoratarwa, sunayen laifuffuka ne cikin Final Kod ta Arewa da ta fara aiki a 1960, kuma dokar nan ta hana ɓata suna. Mai rubuta wa ɗan kasuwa ɗayansu, to, ya tanadi shaidu. "Fleece" da "rip off" na hira ne a majalisa, ba na fayil ba.

Saura "price gouging", wadda jaridunmu na Ingilishi suka kama da hannu biyu tun 2020, lokacin da annobar korona ta sa kuɗin takunkumi da man wanke hannu ya yi tashin gwauron zabo. A Amurka, inda aka haife ta, ma'anarta a doka ƙunci gare ta. Jihar New York ta yi dokarta a 1979 saboda tsadar man ɗumama ɗaki, yanzu kuwa mafi yawan jihohinsu suna da irinta. Galibi sai an yi shelar halin gaggawa, kamar ambaliya ko guguwa, sa'an nan dokar ke tashi. A Kalifoniya, alal misali, ba a yarda a ƙara fiye da kashi 10 cikin 100 a kan kayan masarufi ba a irin wannan lokaci, sai in mai kaya ya nuna shi ma an ƙara masa. Watau sharaɗi biyu ne: mai saye ba shi da zaɓi, mai sayarwa kuma ba shi da hujjar ƙarin.

Idan muka auna da wannan geji, ba kowace tsada ce ƙwara ba. Ran 29 ga Mayu 2023 aka janye tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki. A watan Yuni aka saki naira, dalar da ke wajen 460 a farashin hukuma ta haura 1,500 a Fabrairun 2024. A Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100. Mai kanti a Tarauni da ya sayar da buhun shinkafa a kuɗin jiya, gobe ba zai iya saro wani ba, jarinsa ya karye. Wannan ba mu ce ya ƙware kowa ba. Amma wanda a farkon 2023, lokacin ƙarancin takardun kuɗi, ya riƙa sayar wa mutane nairarsu da naira a bakin na'urar POS, yana ganin mai jinya a tsaye da takardar magani, shi kam kalmar ta hau shi daidai. Abin dariya, in ka tarar da shi wajen mai fetur, shi ne ya fi kowa ɗaga murya. Wanzami ba ya son jarfa.

Hukuma ma ta shiga maganar. Dokar kare masu saye ta tarayya ta 2018, a sashe na 127, ta hana sayar da kaya a farashin da rashin adalcinsa ya fito fili. A Fabrairun 2024 hukumar karɓar ƙorafi da yaƙi da cin hanci ta Jihar Kano, wadda Muhuyi Magaji Rimin Gado ke shugabanta a lokacin, ta rufe wasu rumbuna a wajen kasuwar Dawanau bisa zargin ɓoye abinci. A ƙarshen Agustan shekarar kuma hukumar tarayya ta FCCPC ta ba 'yan kasuwa wata guda su sauko da farashin da ta kira na zalunci. Ɓoye kaya, "hoarding", laifi ne dabam da tsauwalawa, ko da yake uwa da 'ya ne.

ABIN DA INGILISHI BAI SANI BA

Wani abu guda kalmomin nan duka ba su lissafa da shi ba, shi ne ciniki irin namu. "Overcharge" ta ɗauka akwai farashi tsayayye a rubuce a jikin kaya. A kasuwar Tarauni kuwa mai kaya zai faɗi kuɗi, ka taya, ya ce albarka, ka ƙara, ya sallama, wataƙila har ya yi maka gyara. Kuɗin farko ba farashi ba ne, buɗe magana ne, kuma Baturen da ya biya shi ya tafi yana cewa an yi masa aski bai fahimci wasan ba.

Malamanmu na fiƙihu sun riga sun yi wa wannan iyaka tun da daɗewa. Suna kiran ƙwara a ciniki gabnu. A mazhabar Malikiyya, wanda ya san kasuwa ya yi ciniki da idonsa buɗe ba ya da ƙara. Amma wanda ya miƙa wuya, ya ce da mai kaya ban san kuɗinsa ba, sayar mini yadda kake sayar wa mutane, in aka cuce shi yana da hakkin warware cinikin. Littafin Tuhfa na Ibn Asim, wanda alƙalan ƙasar nan suka daɗe suna aiki da shi, ya kawo sharuɗɗa uku: mutum ya kasance bai san farashi ba, ƙwarar ta kai sulusi, kuma kada shekara ta wuce. Mun ga wannan ya fi kalmar Amurka kusa da halin da malaminmu ya shiga, don shi bai san kuɗin bugun tanki ba, amana ya bayar.

Saboda haka muka shawarce shi ya raba maganarsa uku. Lotsawar tanki ya rubuta "dent". Kwarin da ƙarfe ya yi ya rubuta "gouge", da harafin o, ya faɗi tsawonsa. Kuɗin bakanike kuwa ya bar shi a "overcharge", ya haɗa da abin da wasu masu gyara biyu suka ce za su karɓa a kan aiki irin wannan. Ya sake rubutawa ya kai. Mai keke ya biya gwargwadon matsakaicin kuɗin ukun, bakanike kuma, da aka nuna masa takardar a gaban shugaban garejinsu, ya ce ai bai lura fentin na gida ba ne, ya mayar da rara. Tanki ya bugu ya komo daidai, sai dai in rana ta haske shi ta gefe, har yanzu ana ganin inda aka cike.